Cikin Ƙarshe na Goɗiyar Kaka

Duk ranar da na wanke gero, warin ƙasari ya bugi hancina, sai hannuna ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Wari ne mai ɗan tsami-tsami, kuma a nan cikin garin Kazaure ba wanda ya damu da ruwan wankin hatsi, a rariya ake tuttular da shi. Ni kuwa har yau ba na zubar da shi ban ji kamar na yi ɓarna ba. A gidan da na tashi, a wani ƙauye da ke maƙale a gindin duwatsu ta wajen Roni, ƙasari yana da mai shi. Na goɗiyar Kaka ne, kuma ni ce mai kai mata.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Goɗiyar kuwa tata ce ta kanta, ba ta mijinta ba, ba ta 'ya'yanta ba, kuma kowa a ƙauyen ya san haka. Amma mai karatu, in ka ji an ce goɗiya kada ka kawo wata doguwar dabba mai ƙyalli a ranka. Ƙuru ce, irin gajerun dawakin nan da babban mutum zai dafa gadon bayansu ba tare da ya ɗaga hannu sosai ba. Ja ce mai duhu, ga faɗin ƙirji, ga wuya gajere mai kauri, geza a cukurkuɗe kullum komai tajewar da aka yi mata. Cikinta kamar randa. Kofatonta ɗan ƙarami ne, baƙi, mai taurin gaske, in tana hawa falalen dutse sai ka riƙa jin ƙwas-ƙwas har cikin gida. Ba ta da kyau, gaskiya ɗaya ce. Samarin ƙauyenmu jakin tsohuwa suke ce mata, ni kuma na sha dambe a bakin rijiya a kan wannan suna.

Sai dai in damina ta yi nisa, rafi ya kawo, hanyar ƙasa ta yanke, ba wanda yake tuna sunan nan. Ta kan duwatsu ake bi, kuma ba dabbar da ke bin wannan hanya da mutum a kanta sai ita. Ita ta sha ɗauko ungozoma daga ƙauyen bayan dutse. Da ita aka fitar da wani maƙwabcinmu da maciji ya sara har bakin titi. Abincinta bai wuce harawa da ɗan dusa da ƙasarin nan ba, da ɗan gutsuren kanwa da Kaka ke ba ta a tafin hannu. Ban taɓa ganin ta kwanta ciwo ba.

A dangin Kaka, ta wajen mata ake gadon wannan iri. In yarinya za ta tafi gidan miji, uwarta takan ba ta 'yar duƙusa daga goɗiyarta, ta tafi da ita. Haka aka yi wa kakar Kaka, haka aka yi wa uwarta, ita ma Kaka a bayan kakar wannan goɗiya aka kawo ta ƙauyenmu tana amarya. Sharaɗin guda biyu ne: ba a sayar da macen, kuma ba a kai ta ga dokin da ba ƙuru ba. Kaka ta haifi mata biyu, ƙyanda ta ɗauke su tun suna ƙanana, sai maza suka rage mata. Saboda haka da aka haife ni, jikarta mace ta farko, sai maganar ta faɗo kaina. Tun ban san me ake nufi da aure ba na san ina da goɗiya a cikin goɗiya.

Ranar kasuwa mukan zauna ni da ita a jikin danga, inda kara ya ɗan buɗe, muna ɓarar gyaɗa muna leƙen masu wucewa a kan hanya. A nan na koyi dawaki. Takan ce wancan siririn mai ƙaramin kai da ƙafa kamar ta barewa ɗan Azbin ne, yana jure ƙishirwa amma ba ya son laka. Wancan dogon mai lanƙwasasshen hanci daga Barno aka kawo shi, ƙasar yashi ya sani, a kan dutse tausayi zai ba ki. In wani ya wuce a kan kili fari tas yana taƙama, sai ta taɓe baki ta ce mai wankin wannan ya shiga uku. Ba fuska take fara kallo ba, ƙafa take kallo, daga gwiwa zuwa kofato. Macen da ba ta fita sai da dalili, amma ta san ƙirar kowane doki da ke bin hanyar nan, har takan gane in mutum ya sauya.

To, ga inda abin yake. Baba shi ne ɗan farin Kaka, kuma Kaka mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son a gyara rufin ɗakinta, sai ta bari ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ita tana bayan asabari, sannan ta ce da ni ko da bango, “Ɗakin nan ya fara yoyo.” Washegari za ka ga an kawo ciyawa. Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba, Yaya yake ce mata, yadda ya ji ƙannenta suna faɗi. Ƙannen Baba sukan shiga ɗakinta su miƙe ƙafa su ci tuwo a kwanonta, ta zage su su yi dariya. Baba bai taɓa wuce bakin ƙofar nan ba. Ina yarinya na ɗauka ba ta son shi ne. Sai da na lura in ya yi tafiya ba ta cin abincin kirki har ya dawo.

Duk abin da ya shafi kai goɗiya wurin doki, Tsoho ne yake yi, wato kakana mijin Kaka. Shi ya san inda ƙuru na kirki yake, shi yake jan ta ya tafi ya dawo, ba mai jin labari. A lokacin girbin wata shekara Tsoho ya kwanta, kafin a gama ɗaure dawa ya rasu. Baba ya zama mai gida.

A lokacin goɗiyar ta tsufa. Saman idanunta ya rama ya yi rami, furfura ta fito mata a fuska, takan daɗe tana tauna kafin ta haɗiye. 'Ya'yan da ta haifa a baya duk maza ne, an rabar da su tuntuni. Wata yamma bayan Kaka ta fita takaba, ta shafa cikin goɗiyar ta daɗe, sannan ta ce da ni, “Ƙawata, saura ciki ɗaya a jikin tsohuwar nan. Shi ne naki. Ki yi ta addu'a Allah ya sa mace ce.”

Ta riga ta yi shirinta. Akwai wani dattijo ta wajen Gwiwa, abokin Tsoho, da yake da ƙuru namiji baƙi, wanda Kaka ta ce ba ta san saura irinsa ba a duk ƙasar nan. Ta aika wa ƙanenta da ke can kusa, shi kaɗai take iya yi wa irin wannan magana ko da a kaikaice, ya ce a bari ya gama shuka zai zo ya ja goɗiyar da kansa. Muka zauna jira. Ni har na fara tunanin sunan da zan sa wa duƙusata.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Sabuwar ciyawa ta fito, duwatsu suka yi kore, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gida. Goɗiyar ta ci ɗanya ta ɗan murmure, ta fara haniniya tana zagaya turke ba ta zama wuri ɗaya. Kaka ta gane, ta shiga ƙirga ranakun zuwan ƙanenta. Ashe Baba ma ya gane.

Baba dogon mutum ne. Tun yana saurayi in ya hau goɗiyar nan ƙafafunsa kusan jan ƙasa suke yi, abokansa suna tsokanarsa wai ya sauko ya goya ta. Ya sha jin ana ce wa dabbar mahaifiyarsa jaki, ya haɗiye. A wannan shekara kuma wani ɗan kasuwa a Kazaure, wanda Baba ke kai wa hatsi, ya sayo ingarma ɗan Sudan, dogo na ban mamaki, har mutane suna zuwa kallo. Ba kowa yake bari a kawo wa dokin nan goɗiya ba. Baba ya yi ta bin sa da girmamawa har ya yarda.

Da hantsi ne. Ina ɗakin Kaka ina tsince mata wake, sai ga Baba ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, sanye da rigarsa ta zuwa Juma'a. Ta bayansa ina hango goɗiyar an sa mata ragama, Inna mahaifiyata da ƙannen Baba suna tsaye a tsakar gida. Ya yi gaisuwa, Kaka ta amsa tana kallon ƙasa. Sai ya ce, muryarsa cike da murna, “Yaya, zan ɗan shiga Kazaure da ita. Akwai wani doki da aka kawo daga gabas, ba a taɓa ganin irinsa ba. Na samu alfarma.” A nan ya tsaya, don ba maganar da ɗa zai ƙarasa wa mahaifiyarsa ba ce.

Na buɗe baki na ce, “Ai Kaka ta ce…” Ban kai ƙarshe ba na ji yatsunta a cinyata. Mintsinin da ta yi min sai da ya yi kwanaki yana min zafi. Na ɗaga kai na kalle ta. Fuskarta ba ta nuna komai ba, amma ɗaya hannun nata ya damƙe bakin tabarma har jijiyoyi sun fito. Sannan ta ce da bango, “Allah ya kai lafiya. Allah ya yi albarka.”

Muna ji ƙwas-ƙwas ɗin kofato ya yi nisa. Kaka ta jawo faifan waken ta ci gaba da tsinta, amma na ga tana zubar da masu kyau tana barin tsakuwa. Bayan kwana kaɗan da dawo da goɗiyar, ƙanen Kaka ya iso da igiyarsa a kafaɗa. Ya shiga ɗaki, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya fito ya tsaya yana kallon goɗiyar, ya sha ruwa ya koma.

Cikin doki kusan shekara yake yi, kuma shekarar nan ta yi min tsawo. Na yi fushi da Baba, na yi fushi da Kaka, har goɗiyar na yi fushi da ita, ina dire mata ƙwaryar ƙasari ba tare da na shafa ta ba. Kaka kuwa ba ta rage mata komai ba, sai ma ƙari. Takan jiƙa mata dusa don haƙoranta, ta ware mata harawa mai ganye. Wata rana ta ce in je in tambayi babana yadda ƙafar dokin nan take. Wayyo, da ka ga fuskar Baba! Ya ajiye fartanyar da yake gyarawa, ya miƙe yana gwada min tsawon ƙafar da hannunsa, ya ce siririya ce kamar an fere ta, kofato fari mai faɗi. Yana faɗi yana waiwayen ɗakin Kaka, ya ɗaga murya don ta ji. A ransa mahaifiyarsa ce take ɗokin abin da ya yi mata. Na koma na faɗa mata. Ta ce, “Farin kofato,” ba ta ƙara ba.

A ƙarshen bazara, ana tsananin zafi, muka wayi gari ta haihu. Ta sha wuya ƙwarai, tana kwance jiƙe da gumi, numfashi sama-sama. A gefenta ga wani abu mai dogayen ƙafafu yana ta ƙoƙarin tsayuwa yana faɗuwa. Ƙanen Baba ya duba ya ɗaga murya, “Namiji ne!” Gida ya kaure da murna. Maza suka yi ta shigowa kallo, waɗanda suka saba cewa jakin tsohuwa su ne a gaba wajen yabo. Baba ya raba goro kamar an yi masa haihuwa.

Sai da mutane suka watse Kaka ta fito. Ta fara zuwa wurin uwar, ta share mata fuska da gefen zaninta. Sannan ta durƙusa gaban duƙushin, ta bi ƙafarsa da hannu daga gwiwa zuwa ƙasa, ta ɗaga kofaton ta duba, ta ajiye a hankali. Baba yana tsaye daga nesa, hannu a baya, yana jira. Ta ce, “Kyakkyawa ne. Allah ya raya shi.” Kuma ba ƙarya ta yi ba, kyakkyawa ne, ja mai haske da farin goshi. Ni dai na ruga bayan rumbu na yi kuka har na gaji.

Kaka ba ta haƙura nan take ba. Da aka yaye duƙushin, ƙanenta ya zo ya ce zai ari goɗiyar ya yi ɗan aiki da ita, Baba ya ba shi ba tare da tunanin komai ba. Ya kai ta Gwiwa wurin baƙin ƙurun nan. Muka yi ta duban cikinta wata da watanni, ba ta ɗauka ba. Abin da Kaka ta faɗa ne, ciki ɗaya ya rage, kuma ya tafi. Tun haihuwar nan ba ta sake cika ba, haƙarƙarinta ya fito, ta daina hawa dutse. Da rani ta kwanta a gindin turkenta, Kaka na riƙe da kanta a cinya, ta mutu. Maza suka ja ta zuwa bayan dutse. Wani har yana cewa ai ta bar abin da ya fi ta.

Ranar ce na kasa riƙe bakina. Na shiga ɗaki na same ta zaune, tafin hannunta a buɗe a kan gwiwa. Na ce, “Kaka, kalma ɗaya fa za ki ce. A'a kawai. Me ya sa ba ki hana shi ba?”

Ta rufe tafin hannunta. Sannan ta ce, “Da wane bakin, ƙawata? A gaban matarsa da ƙannensa? Ranar ce ta farko da ya zo ƙofata da abin da ya yanke da kansa, ubansa ba ya nan.” Ta goge ido da bakin mayafi. “Ba na kallon fuskarsa, amma kunnena yana wurinsa tun ranar da na haife shi. Tun yana yaro ban taɓa jin muryarsa da daɗi irin na ranar nan ba. Ni zan kashe masa ita?” Ta kamo hannuna ta ce in yafe mata, abin da aka ba ta amana ya ƙare a hannunta, ba ta da abin da za ta sa ni a gaba da shi ranar aurena. Ta kuma ce kada Baba ya ji daga bakina.

Duƙushin ya girma ya zama dogon doki, Baba ya hau shi shekaru, ƙafafunsa ba sa jan ƙasa. Dokin Yaya yake ce masa. Cinsa ya ninka na uwarsa, kofatonsa yakan tsage in ya taka dutse, saboda haka ta titi ake zagayawa da shi. In rafi ya kawo sai a jira ya janye. Kaka ta rasu kafin aurena. A mota aka kawo ni Kazaure, da gado da kwanuka da katifa, kamar kowace amarya.

Yanzu an yi gada a kan rafin, babura ne ke hawa da sauka a ƙauyenmu. Masu kiwon dawaki suna nan, samari ne galibi, kuma tsawo suke nema, kowa so yake a ce nasa ya fi tsayi. Na taɓa sa maigidana ya tambaya min a kasuwar garin Babura ko ana samun ƙuru mace. Ya dawo ya ce dillalan dariya suka yi, wani tsoho ne kaɗai ya ce ya san irin da ake nufi, amma ya daɗe bai gani ba. Kunyar ɗan fari ma ta bi hanyar. Ni da nawa ɗan farin sunansa nake kira gatsal, in ya ɓata min rai in ɗaga waya in wanke shi tas. Nakan ce da kaina da haka Kaka take da yanzu ina da goɗiya. Wani lokacin kuma sai in ga ban taɓa haƙura da wani abu mai girma saboda shi ba kamar yadda ta yi.

Baba yana nan da ransa, ya tsufa, idanunsa sun yi rauni. Da na je gaishe shi kwanakin baya, na same shi a zaure shi kaɗai, hira ta kai mu kan Kaka. Ya ce ya rasa abin da ya taɓa yi mata a duniya da ya san ya faranta mata, don ba ta taɓa faɗa masa ba, sai dai dokin nan. Sai ya juyo da fuskarsa wajena kamar ƙaramin yaro.

“Uwata, ke ce mai zama da ita. Ta taɓa ce miki wani abu a kai?”

Na ce, “Ta ce, Baba. Ta ce tun kana yaro ba ta taɓa jin muryarka da daɗi irin na ranar da ka zo ƙofarta da maganar ba.”

“Ita ta faɗa? Da bakinta?”

“Da bakinta.”

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana gyaɗa shi, hawaye na bin gemunsa yana murmushi. Sauran maganar na dawo da ita Kazaure, tana nan wurina.